Mita 30 ko mita 400? Muhawara kan zuba wa beyar abinci kusa da hanyar jama'a

Auwalu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana harkar daji. A lardin Ontario na Kanada doka ta yarda maharbi ya zuba wa baƙar beyar abinci don ya jawo ta inda zai harbe ta, muddin mazubar, wato wurin da ake zuba abincin, ta kai mita 30 daga titin mota ko hanyar ƙafa mai alama. Mita 30 fa! A jihar Alaska ta Amurka kuma sai rubu'in mil, wajen mita 400. Dabbar ɗaya ce, hancin ɗaya ne. Wa ke da gaskiya a cikinsu? Masu fita yawon daji da iyali suna da hujjar damuwa, ko tsoro ne kawai?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Auwalu, bari a fara shimfiɗa alƙaluman kafin a shiga gardama, don kowace jiha da tata. Ontario da ka kawo, a 2016 mita 200 suka sa daga titi da hanyar ƙafa, daga baya aka rage zuwa 30. Amma nisan gida da ginin jama'a yana nan a mita 500, sai in mai gidan ya ba da izini a rubuce. Jihar Maine yadi 50 ne daga duk hanyar da mota za ta iya bi, wato mita 46, sannan yadi 500 daga juji, da sansanin masu kwanan daji, da gidan da mutane ke ciki. Wisconsin ma yadi 50 daga titi, hanyar ƙafa ko sansani, amma in titin na gudun mil 45 a awa ne ko sama, sai yadi 100. A galibin Idaho yadi 200 ne daga titi da hanyar da ake gyarawa, rabin mil daga sansani ko gida. Alaska ta fi kowa tsanani: rubu'in mil daga titi, hanyar ƙafa da layin dogo, mil guda cur daga gida, makaranta ko wurin shaƙatawa, kuma dole ka yi wa mazubar rajista, ba ka wuce biyu, ka kafa allo a wurin. Wasu kuma sun yanke wahala sun hana gaba ɗaya ta hanyar ƙuri'a: Colorado a 1992, Oregon a 1994, Washington a 1996. A Maine sau biyu aka kai maganar akwati, 2004 da 2014, duk masu son a hana suka sha kaye.

Auwalu: To Malam, daga 30 zuwa 400 ai babu kusa. Da me suka auna?

Baba Ɗanjuma: Da gadon bayan maharbi suka auna, yaro, ba da hancin beyar ba. Sai ka san yadda ake aikin kafin ka gane. Ana samun duro na ƙarfe mai cin lita 200, a ɗaure shi da sarƙa a jikin bishiya mai kauri don kada dabbar ta mirgina shi ta tafi da shi. A huda masa ƙofa ƙarama wadda hannunta zai shiga amma ba za ta kwashe kayan dare ɗaya ba. A zuba tsohon burodi, ragowar donot, hatsi da aka kwaɓa da ruwan rake mai kauri, a yayyafa man suya da ya gaji a ƙasa don ta taka ta kai warin duk inda ta bi. A jingina gumagumai a bakin duron yadda ƙananan dabbobi ba za su iya turewa ba. Sai a kafa dandamali a kan bishiya, tsayin mita 4 zuwa 5, nisan mita 15 zuwa 25 daga duron, ta ɓangaren da iska ba za ta kai mata warin mutum ba. Wannan duron kullum ko bayan kwana biyu sai an ƙara masa kaya, bokiti biyu, kowane wajen kilo 15. Wanda zai yi ta ɗaukar wannan na tsawon wata, kowace mita tana da nauyi a wurinsa. Ga shi in ya harba, zai ja gawar kilo 100 ko fiye zuwa mota. Shi ya sa maharba ke neman kusa da titi.

Amma ku lura da abu ɗaya. Maharbin da ya san dako ba ya son hanyar da mutane ke bi. Babban namiji, wanda shi ake nema, ba ya fitowa da rana inda yake jin muryoyi da haushin kare. Wanda ke dasa duro a mita 30 daga hanyar da ake bi kullum, ko sabon shiga ne ko malalaci.

Hajiya Rabi: Baba, ai doka don sabon shiga da malalaci ake yin ta. Gwani ko babu doka zai yi nisa.

Dakta Maryam: Hajiya ta taɓo wurin. Ni ina ganin an ɗora wa lambar nisa nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Beyar tana jin warin man suya daga nisan da ya wuce kilomita in iska ta kama. Duron da ke mita 400 daga hanya yana kiran dabbobin da ke ƙetaren hanyar, kuma sai sun tsallaka ta kafin su iso. In mazuba ta yi mako uku tana aiki za ka ga turbobi sun fito daga gare ta ta kowace fuska, an tattake ciyawa, ga kashi, ga gashi a jikin bishiyoyi. Ba beyar ɗaya ke zuwa ba. Kyamarar daji takan nuna biyar, shida, har fiye a duro guda, kowace da lokacinta. Ƙanana da mata masu 'ya'ya ba sa kusantar duron in babban namiji yana kai, sai su yi ta zagaye a gefe suna jiran ya tashi. Wannan gefen, a mazubar mita 30, shi ne kan hanyar taku.

Abin da ya fi nisa muhimmanci shi ne yawan abincin da tsawon lokacin da ake zubawa. Wisconsin ta ƙayyade galan 10 a mazuba, wajen lita 38, amma ana fara zubawa tun 15 ga Afrilu alhali farauta sai Satumba. Wata biyar kenan ana ciyarwa. Binciken da aka wallafa a 2017 kan beyar ɗin da aka harba a arewacin jihar ya gano fiye da kashi 40 cikin 100 na abincinsu daga mazuba ya fito. Wannan ya tashi daga yaudarar kwana biyu, ya koma kiwo. Maine kuwa kwana 30 kacal ta yarda a zuba kafin buɗe farauta. Yadi 50 ɗin iri ɗaya ne a takarda, amma ba haɗari ɗaya ba ne.

Baba Ɗanjuma: 'Yata, ban musa miki lissafi ba, amma kin tsallake wani abu. Beyar da ke cin mazuba ba ta ganin mutum yana miƙa mata. Abin da ta koya shi ne duro a cikin daji, kuma inda duron yake harsashi na zuwa. Yawancinsu komawa suke yi cin dare saboda tsoro. Ba ɗaya take da beyar ɗin juji ko ta kwandon shara a bayan gida ba. Kuma ku dubi adadin: masanin beyar Stephen Herrero da abokan aikinsa sun ƙirga duk mutanen da baƙar beyar ta kashe a Amurka da Kanada daga 1900 zuwa 2009, suka samu 63. Shekara 110! Wannan ne za a tayar wa hankali?

Dakta Maryam: Baba, a cikin wannan binciken dai aka ce a kashi 38 cikin 100 na hare-haren da aka samu bayaninsu, abincin mutane ko shara ne ake ganin ya kawo dabbar wurin. Kuma kusan duka beyar ɗin da suka yi kisan maza ne masu farautar mutum, ba uwa mai kare 'ya'ya ba. Batun cewa ba ta ganin mutum, hancinta yana gani. Warin hannunka yana jikin bokiti, yana jikin sarƙa, ƙarar babur mai ƙafa huɗu tana zuwa ƙarfe huɗu na yamma, abinci ya biyo baya. Akwai beyar da ke kwanciya a kusa tana jiran wannan ƙarar. Duk wanda ya san gwaggon birin sansanin Wikki a Yankari ya san yadda abin ke tafiya: dabbar da ta haɗa mutum da abinci a kanta ba ta ƙara gudun mutum, sai dai ta auna shi. Kuma ba duk wadda ta ci mazuba ake harbewa ba. Ɗaya ake ɗauka, biyar su koma daji da abin da suka koya.

Injiniya Sale: Ku ba ni dama in shigo da agogo da awo, don ni harsashin ya fi damuna da dabbar. Baƙar beyar tana gudun wajen kilomita 50 a awa, kusan mita 14 a daƙiƙa. Mita 30 daƙiƙa biyu ne da ɗan abu. Yadi 50, daƙiƙa uku. Mita 400, kusan rabin minti. Beyar da aka harba a huhu biyu takan yi gudun mita 30 zuwa 100 kafin ta faɗi. Wadda aka samu a ciki ko a kafaɗa tana iya yin nisa sosai ta kwanta a duhuwa da ranta. Ka ga a mita 30 ko harbi mai kyau yana iya kai ta kan hanya, kuma lokacin da ake yawan harbin shi ne dab da magariba, lokacin da masu yawo ke hanzarin komawa mota.

Harsashi kuma. Baba yana da gaskiya cewa harbi daga dandamali ƙasa yake nufa: tsayin mita 5, nisan mita 20, harsashin ya ratsa dabbar ya nutse a ƙasa 'yan mitoci a bayanta. Wannan ya fi aminci a kan harbin mai bin sawu da ke tsaye a fili. Matsalar ita ce ba kowa ke hawa bishiya ba. Masu ɓuya a ƙasa harbinsu a miƙe yake, kuma harsashin babbar bindigar farauta mai lamba .30-06 in bai samu abin da ya tare shi ba yana wuce kilomita 3. A nan mita 30 da mita 400 duk ɗaya ne. Alƙaluman da Malam Habu ya kawo nisan duro suke faɗa, ba fuskar da bakin bindiga zai kalla ba. Tsarin da ya dace: hanya a bayan maharbi, duro a gabansa, tudu ko gangare a bayan duron. In aka juya, duro yana tsakanin maharbi da hanya, to an cika awon nisa amma an ɗana wa mutane tarko.

Auwalu: Injiniya, ita mitar ma daga ina ake fara ƙirga ta? Tsakiyar titi ko gefensa?

Injiniya Sale: Tambaya mai kyau. A Ontario daga iyakar filin da aka ware wa hanyar ne, wanda ya fi kwaltar faɗi. GPS na waya kuma a sarari yana kuskuren mita 3 zuwa 5, a ƙarƙashin manyan bishiyoyi ya kan kai 10 ko fiye. In iyakarka 30 ce, kuskuren ya cinye sulusi. Mai hankali yana ƙara rata, ya auna da na'urar auna nisa ta maharba, a miƙe, ba ta bin lanƙwasar turba ba. Kuskuren da aka fi yi kenan: mutum ya taka taku 300 a turba mai zagaye, ya ɗauka ya yi nisa, alhali hanyar ta lanƙwaso ta bayan duron.

Malam Habu: Akwai wata ƙofa da ta fi wannan faɗi. Dokokin suna magana ne a kan hanyar da aka yi wa alama ko wadda hukuma ke gyarawa. Turbar masu kamun kifi zuwa bakin tafki, tsohuwar hanyar masu yankan katako, hanyar da masu tsinkar 'ya'yan itace suka buɗe da ƙafa, galibi ba sa cikin lissafi. Mutum zai iya dasa duro a gefensu kuma bai karya komai ba. Jama'a kuwa ba sa tambayar wace hanya ce ke cikin rajista kafin su bi.

Hajiya Rabi: Ni karnuka nake so a yi magana a kansu, don ta nan abin ke yawan ɓaci. Karen da aka sake yana jin warin mazuba kafin mai shi ya san da ita. Ya ruga, ya tarar da beyar a kan abinci, ya yi haushi, ta biyo shi, shi kuma ina zai gudu in ba wurin mai shi ba? Ko bai tarar da ita ba, abin da ke cikin duron yana iya kashe shi. A Satumbar 2014 aka tsinci gawar beyar huɗu, manya biyu da 'ya'ya biyu, a gefen wata mazuba a New Hampshire da aka zuba wa wajen kilo 40 na cakulan da donot. Sinadarin da ke cikin koko ne ya kashe su. Jihar ta hana cakulan a 2015, Michigan ta bi a 2017. Abin da ya kayar da beyar, me zai bar wa kare mai kilo 20? A Wisconsin ga kyarkeci kuma, suna zagaya mazuba, suna kashe karnukan farauta da ake saki daga wurin, har jihar na biyan diyya da ta kai dala 2,500 a kan kare guda.

Baba Ɗanjuma: Hajiya, kare a igiya. An gama.

Hajiya Rabi: Baba, mai igiya ma yana da haƙƙin ya san abin da ke gabansa. Maine tana sa a liƙa ɗan kati inci 2 da inci 4 mai suna da adireshin mai mazuba. Wa zai karanta kati kamar tafin hannu sai wanda ya riga ya tsaya a kan duron? Wannan don jami'in daji aka yi shi, ba don mai wucewa ba. Allon gargaɗi a bakin hanya ya kamata ya kasance, inda ake ajiye mota.

Baba Ɗanjuma: Ki kafa allo a bakin hanya, washegari a zuba wa duron fetur ko a sace kyamara. Maharba ba don mugunta suke ɓoye wurin ba.

Shugaban zaure: Jama'a a ci gaba a hankali, kowa na da hujja. Dakta, an turo tambaya ta gefe a kan girizili, wato babbar beyar mai ruwan ƙasa: ko maganar ɗaya ce a inda take?

Dakta Maryam: Inda girizili take, maganar ta sauya gaba ɗaya. Baƙar beyar a kan abinci yawanci gudu take yi ko ta hau bishiya. Girizili tana tsare abincinta, kuma tana kai hari a kan wanda ya faɗo mata ba zato. Duro ba ya zaɓar wanda zai zo. A Yunin 2024 wani maharbi a arewacin Idaho ya kashe girizili a mazubarsa bayan ya aika wa hukumar kifi da namun daji ta jihar bidiyon dabbar, ma'aikatanta suka ce masa baƙar beyar ce. Su da kansu suka amsa kuskuren. Daga 2025 jihar ta wajabta wa masu farautar beyar cin jarrabawar bambance su. Launi ba ya raba su, don akwai baƙar beyar mai ruwan ƙasa. Ana duba tozon kafaɗa, gajerun kunnuwa, lotsawar fuska da dogayen farata.

Hujjar tsaron jama'a ɗin nan ce hukumar gandun dajin tarayyar Amurka ta kafa a 2024 da ta hana masu farautar nishaɗi zuba abinci a dazukan da take riƙe da su a Alaska. An hana a 2015, an buɗe a 2020, an sake hanawa a 2024, gwamnatin jihar tana ta adawa. Ku lura, a jihar da ke da rubu'in mil aka yi wannan. Ko mita 400 ba ta gamsar da su ba.

Injiniya Sale: Wani abin da ba a faɗa ba: ranar da aka daina zubawa. Dabba ta saba da abinci mai maiƙo a wuri ɗaya, a kaka kuma lokacin da take neman abin da ya kai kalori 20,000 a rana kafin barcin hunturu, sai ta zo ta tarar da wayam. Ba za ta koma gida ta haƙura ba, faɗaɗa zagaye za ta yi, kuma abu mafi kusa mai irin wannan warin shi ne kwandon shara a sansani. Ɗauke duro kaɗai bai isa ba. Man da ya jiƙa ƙasa yana nan, za ka dawo bayan watanni ka ga an tona rami a wurin. Alaska ta ce a kwashe har ƙasar da ta jiƙu. Idaho ta ba da kwana 7 bayan rufe farauta. Maine zuwa 10 ga Nuwamba. Hanya mafi sauƙi ita ce tun farko kada a zuba mai a ƙasa: a shafa a gungumen da za a iya ɗauka, ko a bar shi cikin duro.

Auwalu: To mai yawo da ya faɗa kan mazuba ba zato, me zai yi?

Malam Habu: Yawanci hanci zai gaya maka kafin ido: warin tsohon man suya ko abu mai zaƙi da ya yi tsami a inda babu gida. Hankaki sun taru wuri ɗaya suna kuka. Turba mai laushi ta rabu da hanya, da sawun babur mai ƙafa huɗu. In ka ga duro da sarƙa ko tarin gumagumai, kada ka matsa don kallo. Ka jawo yara kusa, ka kama kare, ka yi magana da murya sosai don dabbar da maharbin da ƙila yake sama su san mutum ne, ka koma ta inda ka fito, da tafiya ba gudu ba. Feshin barkono na korar beyar ya kasance a ƙugu ko a ƙirji, ba cikin jaka ba. Zangonsa mita 7 zuwa 9 ne, kuma gwangwanin yana ƙarewa cikin daƙiƙa kaɗan, don haka ba a fesawa tun dabbar na nesa. In kana ganin mazubar ta karya doka, ɗauki lambobin wurin a waya daga inda kake tsaye ka kira jami'an daji. Kada ka taɓa komai. Kowace jiha a Amurka tana da dokar hukunta mai tsoma baki a farautar da doka ta yarda da ita, sai ka je ƙara ka koma wanda ake tuhuma.

Injiniya Sale: In ni za a tambaya: mita 200 mafi ƙaranci, a haramta fuskantar hanya da bindiga, a sa kowace mazuba a rajista da lambobin wurinta.

Baba Ɗanjuma: Mita 200 na yarda. Rajista na yarda. Amma kada a kai 400 a ko'ina. Da zarar nisa ya fi ƙarfin ƙafa, kowa babur zai shiga da shi, ya buɗe sabuwar turba daga titi har bakin duro. Shekara biyu masu yawo sun gan ta sun fara bi, su ɗauka hanyar tafki ce. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Dakta Maryam: Baba, a wannan muna tare. Ni dai in za a ba ni abu ɗaya, kwanakin zubawa zan rage zuwa 30, in bar muku gardamar mita.

Hajiya Rabi: Malam Habu, a gaya wa masu fita watannin da za su fi sa ido.

Malam Habu: A Ontario farautar bazara 1 ga Mayu ce zuwa 15 ga Yuni, ta kaka kuma tana farawa tsakiyar Agusta ko Satumba gwargwadon yanki. A Maine duro na fara cika daga ƙarshen Yuli, harbi daga ƙarshen Agusta. A Wisconsin tun tsakiyar Afrilu akwai abinci a daji har zuwa Oktoba. Awannin haɗari su ne na farkon safiya da ukun ƙarshe kafin faɗuwar rana. A sa riga ko hula mai ruwan lemo mai haske, har karen a ɗaura masa. Alƙaluman nan kuma ana taɓa su lokaci zuwa lokaci, kamar yadda 200 ta Ontario ta koma 30, don haka a duba littafin dokokin farauta na shekarar da ake ciki kafin a fita. Kyauta ake samunsa a shafin hukumar daji ta kowace jiha.